Yana Duba Hagu, Yana Duba Dama

Litinin, 13 ga Janairu, da hantsi

Mun dawo Alice Springs jiya. An tashi daga zaman makoki a ƙauye, an bi gidan nan ɗaki ɗaki da hayaƙi, har yanzu labulaye na warin ganye. Yaya Valda, babbar yayata, ta sauke hotunan bango, ta karɓi wayata da ta kowa ta share mijina daga ciki. Ko hoton da ƙafarsa kawai ta fito ba ta bari ba. Al'adarmu ce, ba a kallon hoton mamaci. Sunan ma an ajiye shi. Kumanjayi ne yanzu, kamar duk wanda ya riga mu, kuma mai facin tayar da suke suna ɗaya shi ma ya koma Kumanjayi, yana ta kumbure-kumbure.

Ko a nan ba zan rubuta sunan ba.

Gwaggo Mavis, mahaifiyarsa, ta dawo hannuna saboda wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, a kiyaye ta daga duk abin da zai girgiza ta. Na ce masa ɗanta muka binne, me kuma ya rage? Na sa ta a ɗakin da ke manne da nawa. Bangon kamar kwali yake, ko tari ta yi zan ji.

Zafi ya hana kowa sakat. Kare ma ya ƙi fitowa daga ƙarƙashin tankin ruwa.

Laraba, 15 ga Janairu, da yamma

Clifford ya zo. Ƙanin mijina ne, kuma tun da na shigo gidansu bai taɓa sallama ba tare da ya zagi shayina ba. Yau a bakin shinge ya tsaya, ya kife wayarsa a ƙirji.

Na ce, "Shigo mana. Ko bashin wani ka ci a cikin gidan?"

Ya ce, "Tsohuwa tana ciki?"

"Tana kwance."

"To fito ke."

Muka koma bayan tanki. Ya ce, "Matar yaya, na gan shi."

Na ce kowa na ganinsa a mafarki, ni ma haka. Ya ce ba mafarki ba ne. Yana kallon ƙwallo a waya aka katse da talla, sai ga fuskar. Yana motsi, yana magana. Yana cewa ya ci caca, kowa ya zo ya shiga.

"Kai dai ka sha ne."

"Tun da aka binne shi ban taɓa ba, kin sani. Noeline, a kicin ɗinki yake. Shuɗin bangon nan na bayansa."

Ban ce ya nuna mini ba, shi ma bai miƙo ba. Na ce masa abu ɗaya: kada Gwaggo ta ji, kada ta gani. Ya tafi bai sha ko ruwa ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, da safe

Na san bidiyon. Ina wurin aka ɗauka.

Lokacin sanyin bara ne. Banki ya daina barin kuɗinsa su tafi wurin caca, sai wani ya nuna masa na'urar da ke lungun shago, wadda za ka zuba mata takardun dala ta mayar da su kirifto, kuɗin intanet. Daga nan ya samu shafin nan. Shi ma shafin ba zan rubuta sunansa ba, amma ba don girmamawa ba. Kafin su bar shi ya cire abin da ya ci, suka ce sai ya ɗauki kansa riƙe da lasin tuƙi kusa da kumatu, ya juya kai hagu, ya juya dama.

Ina soya ƙwai. Ya cire hular sanyi, gashi duk ya miƙe, yana juya wuya kamar kazar da ta ji inuwar shaho. Dariya ta ƙwace mini.

Na ce, "Ka ba baƙi fuskarka haka kawai?"

Ya ce, "Babban kamfani ne, ke. Kwana ɗaya za su goge, sun rubuta. Ga ma hoton kwaɗon kulle ƙofa a saman shafin, ba ki gani ba?"

Kwaɗo. Mutumin da bai taɓa kulle ƙofar gidansa ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, da rana

Na raka Gwaggo gidan wankin ƙoda, na ƙi tafiya. Kujeru a jere, kowa da bututu a hannu, kowa da waya a ɗaya hannun. Sa'o'i suke yi a haka. Tsohuwa Topsy da ke kujerar gefenta ba ta ji sosai, ƙarar wayarta har waje.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina raɗa. Wasu sun riga sun gani. Da na fara magana sai su kau da kai, daga nan nake ganewa. Na saya wa Topsy abin sauraro mai igiya, na sa wa a kunne.

Ta ce, "Wannan kuma na mene ne? Ni ba na sa igiya a kunnena, ta hannu ma ta ishe ni."

Na ce don Mavis ne. Ta dube ni, ta karɓa.

Gwaggo ba ta da waya. Ban taɓa jin daɗin hakan ba sai yau.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan coci

Na shiga shafin ta wayata. Akwai wurin hira a ƙasa, da hoton wata yarinya mai murmushi, wai Mia. Na rubuta mata cewa fuskar mijina da ya ba su tana yawo a talla.

Ta ce tana baƙin cikin jin haka, tsaron abokan hulɗarsu shi ne gaba da komai, kuma babu wani kutse da aka yi musu. Tallar ba tasu ba ce, ta wasu 'yan damfara ce.

Na ce to ta ina 'yan damfara suka samu kicin ɗina?

Ta ce in rubuta cikakken sunan mai asusun.

Na ce ya rasu, ba ma kiran sunan.

Ta ce ta fahimta ƙwarai. In rubuta cikakken sunan mai asusun.

Na zage ta da harshenmu. Ta ce tana fatan ta taimaka, in ba ta taurari daga ɗaya zuwa biyar.

Talata, 21 ga Janairu, da hantsi

Ina sayen katin wuta ta waya ya fito.

Ba zan rubuta komai yau ba.

Laraba, 22 ga Janairu, da yamma

Na je ofishin lauyoyin kyauta. Wata Baturiya ce, Bronwyn, doguwa, da tabon biro a leɓe. Ta san al'ada, amma ta buɗe takarda ta fara karanta sunan da ƙarfi, sai da na ɗaga hannu. Ta yi ja har wuya, ta ba ni haƙuri. Na juya baya ta rubuta da kanta.

Ta ce kamfanin a wani tsibiri mai nisa ya yi rajista, ofishinsa akwatin gidan waya ne, hannunta ba ya kaiwa can. Ta ce in dai an sace musu bayanai ya kamata su sanar da mutane, amma irinsu sai sun ga ba makawa. Abin da za ta iya shi ne ta matsa wa masu ɗauke da tallar su sauke. Sai dai tana buƙatar hujja.

"In ya sake fitowa, ki naɗe shi a wayarki ki turo mini. Daga nan ki goge naki. Ko in nemi wani ya yi, don na san ba abu ne mai sauƙi ba."

Na ce zan yi.

A motar haya ya fito, kafin ma mu kai gida. Na naɗe. Na tura mata.

Alhamis, 23 ga Janairu, da rana tsaka

Tun da hujja ce, gara in rubuta abin da ke ciki.

Muryar ba tasa ba ce. Ta yi kama, amma ta yi santsi da yawa, ba ta da wannan kaushin na taba. Bakin ma ba nasa ba ne, yana motsi dabam da kumatu. Yana cewa, "'Yan'uwa, na ci, na sayi sabuwar mota." Mota. Ba zan yi maganar mota ba. Kowa a unguwar nan ya san caca ta cinye tamu a watan Satumba, da dalilin da ya sa ya koma tafiya a ƙasa.

Amma kafin maganar akwai ɗan abin da ba su taɓa ba. Ya duba hagu. Ya duba dama. Wata ta yi dariya a gefe, ya saci kallonta, yana danne tasa. Hannu da cokali ya gifta ta bayansa.

Hannuna ne. Ban san dariyata haka take ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, da yamma

Lafiya lau a wurin wanki. Topsy ta sa igiyarta. Gwaggo ta ci burodi da shayi da muka dawo, ta kwanta.

Batir ya ƙare da wuri.

Lahadi, 26 ga Janairu, da la'asar

Yaya Valda ta zo da wutsiyar kangaru, muka nannaɗe muka tura cikin garwashi a bayan gida. Tana tona wuta tana ba ni labari, ba ta kallona.

"Ana magana a ƙauye."

"Ai ƙauye ba ya rasa magana."

"Wai kin sayar da hotonsa. Wai an biya ki."

Na ce in an biya ni, ina kuɗin? A rufin nan mai yoyo? Ta ce ita ta sani, amma mutane sun ga gidana a bayansa, kuma share shi aikin gidana ne. Ta ce abin da ya fi muni, samari biyu sun bi tallar sun zuba kuɗinsu. Da aka tambaye su sai suka ce ai shi ya faɗa, shi kuma ba ya ƙarya.

Gaskiya ne, ba ya ƙarya. Ɓoyewa yake yi, wannan dabam ne.

Sai ta miƙo hannu. "Kawo wayarki in sake dubawa, ko wani abu ya tsere mini."

Na ce tana caji.

Ta dube ni kamar yadda take dubana muna yara in na ci sukari. Ta janye hannunta. Naman ya ƙone ta gefe ɗaya.

Litinin, 27 ga Janairu, da yamma

Da muka zauna cin abinci Gwaggo ta ce, "Na ji kina dariya ɗazu."

Na ce rediyo ne.

Ta ce, "Au." Ta ci gaba da tauna.

Laraba, 29 ga Janairu, da safe

Imel ɗinsa a wayata yake shigowa, tun lokacin da tasa ta faɗa ruwa. Yau shafin ya turo masa saƙo, da sunan ɓaro-ɓaro a sama, kafin in kau da ido na riga na karanta. Wai sun yi kewarsa. Wai ya dawo, sun ajiye masa juyin caca kyauta.

Na koma wurin Mia. Na ce kun ce babu kutse. Ta ce babu kutse. Na ce mutumin da kuke kewa yana ƙarƙashin ƙasa. Ta ce tana baƙin cikin jin haka, in rubuta cikakken sunan mai asusun.

Na tambayi Clifford ko Mia ɗin nan mutum ce. Ya ce, "Ke ma dai. Wace mace ce za ki zage ta haka ta roƙe ki taurari?"

Alhamis, 30 ga Janairu, da rana

Hagu. Dama.

Juma'a, 31 ga Janairu, da yamma

Gwaggo ta daina cin abinci sosai. Ta sa na juya mata kujera ta fuskanci shinge, ta bar kallon titi. Yau a motar wanki ba ta ce wa kowa uffan ba, ita da ba ta barin direba ya huta.

Wani ya nuna mata. Na tabbata. Na tsare Topsy a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ni? Kalli kunnena, ya yi ƙurji saboda igiyarki. Tun da kika faɗa ko waƙar coci ban kunna a fili ba. Ki nemi ɓarawonki a wani wurin."

Na bi ma'aikatan jinya, na bi direba, har mai goge ƙasa na tambaya. Kowa ya rantse. Na yi wa wata 'yar jinya tsawa har ta yi hawaye, ita da ba ta yi mini komai ba. Ina jin haushin kowa. Na fi jin haushinsa, da hularsa da kwaɗonsa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da hantsi

Na tsaya a inda na tsaya ran nan, gaban murhu. Na juya. Bango ne kawai, shuɗin da ya shafa da ragowar fentin ƙungiyar ƙwallonsu, bai ma kai kusurwa ba. Ya ce zai ƙarasa.

Yanzu a tsakar gida nake girki.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da rana

Gwaggo ta ƙi shiga mota. Direba ya yi ta hon, na ce ya tafi.

Ta ce ƙauye za ta koma. Na ce babu injin wanki a ƙauye, ta sani. Ta ce ta sani.

"Gwaggo, in kika tafi, mako biyu ba za ki yi ba."

"Wa ya ce miki ina son mako uku?"

Na durƙusa a gabanta na roƙe ta. Na ce wa ya gaya mata wani abu, ta faɗa mini sunansa in je in same shi. Ta shafa kaina kawai. Ta ce yaron nan bai kwanta ba, ana ta tashinsa, gara wani ya je ya zauna kusa da shi.

Ƙafafunta sun fara kumbura. Asibiti sun kira, na ce Laraba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

Clifford ya kwana a baranda. Ya roƙe ta shi ma, ta ce ya je ya aske gemu, ya yi kama da tsohon bunsuru. Ko murmushi bai yi ba.

Talata, da yamma

Bronwyn ta kira. Wasu a manyan birane sun ga fuskokinsu su ma, an kai maganar jarida, kamfanin ya fitar da sanarwa. Ta karanta mini. Wai an samu wani ɗan ƙaramin al'amari da ya shafi kaɗan daga cikin bidiyoyin tantancewa. Wai sun gano shi tun watan Agusta, sun yi shiru ne don kada su tayar wa abokan hulɗa da hankali.

Agusta. Yana raye a Agusta. Motar ma tana nan a Agusta. Yana zaune a kicin ɗin nan yana zuba musu abin da yake da shi, yana nuna mini kwaɗo, su kuma sun san fuskarsa ta riga ta fita. Ban ce da sun faɗa da ya daina ba. Wataƙila da bai daina ba. Amma mutum ne da in ka yi masa ƙarya sau ɗaya ya gama da kai, kuma ba su ba shi damar ya sani ba.

Sun turo wa imel ɗinsa takardar ban haƙuri. A ƙasanta akwai juyi kyauta.

Na koma wurin Mia don kawai in ji. Ta ce babu kutse. Ba su ma gaya mata ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da hantsi

Ta sake ƙin shiga mota. Numfashinta ya canza, ina jinsa ta bango, kamar mai hawan tudu.

Bronwyn ta ce an fara sauke tallar. Clifford ya kalli ƙwallo tun safe bai gan shi ba. Topsy ta aiko a gaya mini ita ma ba ta gani ba, wai ko za ta iya cire igiya.

Ya kamata in ji daɗi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi.

Na kai mata shayi a ƙarƙashin bishiya. Na ce tun da dai ta riga ta sani, bari in gaya mata: an sauke abin nan, ba ya wayar kowa yanzu, ya kwanta. Gobe Juma'a, ta taimake ni ta shiga mota.

Ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta ce, "Wayar kowa?"

Na ce ta kowa.

"Noeline, zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ran Litinin ɗin can na ji dariyarki ta bango. Tun da aka zo da labarin mota ta buge shi a hanyar arewa ban ji ta ba. Na ce Allah na gode, yarinyar nan ta fara dawowa. Na ɗauki sandata na zo in ga me ya ba ki dariya, in taya ki. Ƙofarki ba ta rufu sosai ba."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Na koma na kwanta. Sai na sake jin ta. Dariyar nan dai, iri ɗaya, daidai tsawonta. Kullum da rana in kin zaci na yi barci. Jiya ma na ji."

Ni da na saya wa Topsy igiya. Ni da na sa 'yar mutane kuka.

Na ce Yaya Valda ta share komai, babu abin da ya rage mini, har na fara manta yadda kunnensa yake. Na ce farkon kawai nake kallo, ina tsayar da shi kafin su sa masa baki. Na ce wurin nan ɗaya ne babu faɗa a cikinsa, babu maganar mota. Ban san me kuma na ce ba.

Ta bar ni na gama. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Kin ga abin da yake yi? Hagu, dama. Ni na koya masa, a bakin titin nan na gaban shago, yana riƙe da zanena. Na ce kada ka taɓa tsallakawa sai ka duba. Daren nan bai duba ba, ko ya duba bai gani ba, ban sani ba. Yanzu ga shi yana ta dubawa. Da ya gama sai ki mayar da shi farko."

Tantabaru suna ta kuka a kan wayar lantarki. Shayin ya huce.

"Waɗancan ba su san shi ba, kuɗi suke nema. Ke kin san shi."

Na ce in na goge, za ta shiga mota?

Ta ce, "Ba ciniki muke yi ba. Ki bar shi ya tsallaka."

Na ɗauko wayar. Ta juya fuskarta wajen shinge, ta miƙo hannu ta baya ta kama wuyan hannuna. Ban kunna shi ba. Na so in kunna sau ɗaya, har yatsana ya je, ta ji, ta matse. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Sai na tuna akwai wurin da take ajiye abin da aka goge, na shiga can ma na goge. Na kira Bronwyn na ce in ta gama da nata ta yi haka.

Gwaggo ta ce a ɗumama mata shayin.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da hantsi

Direba ya yi hon. Na tsaya a tsakar gida ban roƙe ta ba.

Ta daɗe. Sai na ji sanda. Takalmanta ba su shiga ba saboda kumburi, da silifas ɗin Clifford ta fito. A bakin mota ta ce wa direba ya yi ƙiba.

Likita ya riƙe ta, za ta kwana uku a asibiti. Ya ce an yi wasa da rai. Na ce na sani.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Gidan shiru. Na kwanta a lokacin da na saba. Wayar na kan tebur, batir cike.

Na rufe ido na gwada. Hular na zuwa, gashin na zuwa. Kunnen ya ƙi.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da yamma

Saƙo ya sake shigowa, sun yi kewarsa. Na ba Yaya Valda wayar ta cire imel ɗin gaba ɗaya. Ta daɗe tana dube-dube a ciki, ta mayar mini, ta ce ta ga na rame.

Bronwyn ta ce ba za ta iya yi mini alkawarin ba zai sake fitowa ba. Abin da aka sata yana hannun mutane da yawa, wata rana wani zai iya sa masa wani bakin. Ban gaya wa Gwaggo wannan ba. An sallamo ta ɗazu, tana kwance, ina jin numfashinta ta bango, ya daidaita.

Clifford ya leƙo, ya sha shayi ya ce ruwan wanke kwano ne. Ya tsaya a ƙofar kicin, bai shiga ba. Ya ce ran Asabar zai zo da fenti, wane launi nake so?

Na ce ya kawo ko wanne ya samu. Na ce wannan karon a kai har kusurwa.